Saje Yunana a Bakin Rafi

Shekara goma sha tara Saje Yunana ya yi a aikin soja, goma sha ɗaya daga ciki yana riƙe da sito. A sansaninsu na Talata Mafara kowa ya san halinsa: ko cokali ba ya fita sai da takarda da sa hannun ofisa.

Wata Laraba cikin watan Agusta aka ba shi mota guda da direba, Kofur Ɗayyabu, ya kai wa sojojin da ke Faru kaya. Akwai buhunan shinkafa, gishiri, man girki, kwalayen magani, batiran oba-oba, da rago ɗaya da Kyaftin ɗin sansaninsu ya aika musu na gaisuwa. An gaya masa maganinsu ya ƙare, kuma mutum biyu na kwance da zazzaɓi.

Sun wuce Maradun lafiya, sun kusa wani rafi, sai motar ta nutse cikin laka. Ɗayyabu ya taka, ya sake takawa, ta ƙara zama daram.

Wani dattijo mai suna Hamidu ya fito daga gonarsa. Sai da ya gaishe su tsaf, ya tambayi gajiya da iyali da aiki, sannan ya nuna gabas da sandarsa.

"An yi ruwa can sama. Kahin la'asar wanga rahi ya cika, ko raƙumi ba shi ƙetara shi sai bayan kwana ukku."

Yunana ya duba agogo. Ƙarfe uku saura kwata. Ya ciro waya don ya nemi umurni, babu sabis. Hamidu ya ce mutanen nan in za su yi waya bisa tsamiya suke hawa. Haka Saje, da tumbinsa da manyan takalmansa, ya rungumi tsamiya, Ɗayyabu na tura shi ta ƙasa.

"Yallaɓai, mota ta maƙale! Me zan yi?"

Muryar Kyaftin ta zo a gutsure. "Yunana, ka... kada ka... maza-maza!" Sai layin ya yanke.

"Me ya ce?" in ji Ɗayyabu.

"Ya ce in yi, ya ce kada in yi, kuma maza-maza."

Ya sauko ya tsaya yana kallon rafin. Ruwan da ɗazu yake idon sawu ya kai ƙwauri, ya yi ja. Ya tuna mutanen nan biyu da ke kwance, ya cusa takardar kayan cikin hularsa.

"Baba, me kuke da shi mai ɗaukar kaya?"

Abin da aka samu amalanken shanu biyu ne da babura uku na masu dawowa daga kasuwa. Ba za su kwashe ko rabin lodin ba, kuma sawu ɗaya kawai za a iya yi.

"A fara da ragon," in ji Ɗayyabu. "Saƙon Kyaftin ne."

"Ragon zai sha maganin zazzaɓi ne? Magani da batir a kan babur, a naɗe su da leda. Shinkafa da mai a amalanke. Sauran a bar su. Kai ka zauna ka tsare motarka."

Shi kansa Yunana ya yi mamakin jin muryarsa. Cikin minti ashirin aka ɗaure komai. Baburan suka haye, ana ɗaga su a kafaɗa inda ya yi zurfi. Amalanke na biyu na tsakiyar ruwa sai ragon ya tsinke igiya, ya diro daga mota, ya faɗa rafin, ya wuce kowa ya haye, ya kama hanyar Faru kamar ya san gida. Yunana ya bi shi a guje, ruwa iya gwiwa, yana ihu, "Kayan gwamnati ne! Ku tare shi!"

Ba su yi nisa da gaɓa ba suka ji ruri a bayansu. Ruwan ya iso, har ya shafe sawun amalanken.

A Faru, shugaban sojojin wurin, Laftanar Nazir, ya karɓi maganin da hannu biyu, ya sa aka kai wa marasa lafiya nan take. Ya dubi Saje, laka har gira, yana riƙe da ƙahon rago.

"Wa ya ba ka umurnin raba lodi?"

Yunana ya ƙame. "Ni ne, yallaɓai."

"Madalla. Ina gishiri?"

Gishirin yana cikin mota, ƙarƙashin tampol. Kwana uku sojojin Faru suna cin shinkafa lami, duk wanda ya kai loma sai ya kira sunan Yunana. Masu zazzaɓin kuwa sun miƙe a rana ta biyu.

Da ruwa ya janye aka zo da tarakta aka ciro motar. An tarar da Ɗayyabu zaune a kan tabarma a inuwarta, gabansa kwanon fura da dafaffiyar masara da mutanen ƙauyen suka kawo, bel ɗinsa a kwance. Ya tambaya ko ba za a iya barinta ta ƙara bushewa zuwa Juma'a mai zuwa ba.