Motar da Baba Direba Ya Zaɓa

"Bar ta haka," in ji Baba Direba. "Bar ta, Tela, kada ka ƙara mata azaba."

Tela bai bari ba. Ya sake murɗa makulli, motar ta yi wata ƙara kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti, daga nan ta yi tsit. Suna tsakiyar titi, saura tafiyar minti goma su isa asibiti, motocin baya sun cika musu kunne da hon. Baba yana kishingiɗe a kujerar gaba, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sai rabi. Ko ido bai buɗe ba.

"Injin ne ya buga. Tun makon jiya nake jin tana ban kwana, na yi shiru don kada in ɓata maka rai."

Ranar a tasi suka ƙarasa, an matse tsohon tsakanin wata mata mai kwando da ƙofar da ba ta rufuwa sai an doka. Kafin su isa an ba wani layinsa a na'urar wankin ƙoda, sai da suka zauna a benci har rana ta karkata. Baba bai yi ƙorafi ba, amma Tela ya ga yadda yake cije leɓe duk lokacin da ya gyara zama.

Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsu. Lokacin da Tela ya tare a layin, ba shi da komai sai keken ɗinki ɗaya da amarya, Baba ne ya kwashe tsofaffin tayoyi daga ɗakin ƙofar gidansa ya ce ya kafa kekensa a nan, bai taɓa karɓar haya ba. Shi ne kuma ya koya masa tuƙi, da faɗa da zolaya, irin koyarwar mutumin da ya yi shekara arba'in a bayan sitiyarin manyan motoci kuma bai yarda akwai wanda ya iya tuƙi bayan shi ba. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure can nesa. Saboda haka da ciwon ya zo, ba a yi wata shawara ba. Litinin da Alhamis Tela ya rufe shago ya kai Baba asibiti, shi ke nan.

Bakanike ya duba akwalar ya ce gyaranta ya fi kuɗinta. Masu sayen ƙarafa suka zo suka ja ta. Abin da suka bayar Tela ya haɗa da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa don sayen keken surfani, ya zauna a bakin gado yana kallonsa.

"Keken ba zai gudu ba," in ji matarsa. "Amma ka buɗe ido. In ka sayo ciwon kai, babu na sayen wata."

Gaskiyarta. Harbi ɗaya gare shi, kuma kwana huɗu ya rage Litinin ta zagayo.

Da la'asar ya je filin da ake sayar da motoci na hannu. Ya wuce layin gaba ba tare da ya tambayi farashi ba, don ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A layi na uku ya ga wata fara, gajeriya, kusa da ƙasa, wadda marar lafiya zai shiga ba sai ya ɗaga ƙafa ba. Ya zauna a kujerar gaba, ta karɓe shi kamar katifa. Ya ja wani ƙarfe, kujerar ta kwanta. Dillalin ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, iska mai sanyi ta fara busowa.

"Yallaɓai, wannan wata likita ce take hawanta," in ji dillalin. "Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Ba ta san rami ba."

Kuɗinta kuma daidai da abin da ke aljihunsa. Saura kaɗan ya biya nan take, sai dai ya ga bai kyautu ya sayi mota Baba bai ji ba.

Ya same shi a tsakar gida kan tabarma, an jingina masa matashi biyu, Inna matarsa tana shafa masa mai a ƙafa. Tela ya zayyana komai, har da kujerar da ke kwanciya. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Likita ce mai ita, ko?"

"Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"Duk motar da ke filin nan likita ce ta hau ta. Ban san inda muka samu likitoci haka ba, ga shi kullum muna layi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka taɓa murfin injin kafin ya tayar?"

"Na dafa shi."

"Da ɗumi?"

Tela ya yi ƙoƙarin tunawa. "Da ɗan ɗumi. Ai rana ce."

"Rana ce, ko sun tashe ta tun kafin masu saye su fara zuwa? Ba a sayen mota da ɗumin inji, ɗana. Mota sai ta kwana take faɗin gaskiya. Gobe da sassafe za mu je, kada ka gaya masa."

"Za ku je ina?" in ji Inna. "Kai da banɗaki ma sai an riƙe ka?"

"To sai a riƙe ni."

Inna ta dubi Tela, kallon da ke cewa ka hana shi. Tela ya gwada. Ya ce zai je shi kaɗai ya taɓa murfin, ya ce zai ɗauki bakanike. Baba ya ce bakanike da dillali ɗan wa da ɗan ƙane ne, sannan ya ce wa Inna ta ɗauko masa dogon sukundirebansa a ƙarƙashin gado.

Sun isa ana buɗe ƙofar filin. Dillalin yana zaune da kofin shayi, da ya hango su fara'arsa ta ɗan yi jinkiri kafin ta fito. Ya miƙe zai nufi farar motar da makulli.

"Tsaya tukuna, samari," in ji Baba.

Ya taka a hankali, hannu ɗaya a kafaɗar Tela. Ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin injin kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya daɗe a haka.

"Yawwa, ta kwana. Yanzu tashe ta."

Sau uku ana murɗa makulli tana tari. A na huɗu ta kama, salansa ta tofo shuɗin hayaƙi har dillalin ya matsa gefe yana cewa sanyin safiya ne. Baba ya sa aka buɗe murfin. Ya dafa bakin sukundireban a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Tela ya ga fuskarsa ta koma irin ta da, ta mutumin da ke kan aikinsa.

"Kyan ɗan maciji," in ji Baba. "Tana shan baƙin mai kamar ruwa."

Daga nan ya bi layin yana taɓa murfi ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a jikin kowace mota. A can ƙarshe, kusa da katanga, akwai wata doguwa mai ruwan toka, fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya ma ba launinsu ɗaya da sauran ba. Ko wanke ta ba a yi ba. Ya ce a kawo makullinta. Murɗawa ɗaya ta tashi, tana bugawa daidai-wa-daida. Baba ya kara sukundireban ya daɗe yana ji, har da ɗan murmushi.

"Wannan alfadari ce. Ita za ka saya."

Tela ya leƙa ciki. Kujerun kamar bencin asibiti, babu na'urar sanyi, ga tsayi. Ransa ya ɓaci.

"Baba, dubi tsayinta. Ta yaya za ka hau? Kujerar nan ko mai lafiya ya zauna sai bayansa ya gaya masa. Ni fa don kai nake neman motar nan."

"Na sani."

"Farar nan, duk da hayaƙin, ba za ta yi shekara ba?"

"Wata shida. In ka lallaɓa ta, bakwai."

"To ai wata shida..."

Ya tsaya. Maganar ta riga ta fita rabi, kuma su biyun sun san sauran rabin. Likita ya gaya wa Tela a bakin ƙofa tun watan jiya cewa kwanan Baba ya kusa, shi kuma bai gaya wa kowa ba. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ƙarasa mana," in ji Baba, ba tare da fushi ba. "Wata shida ta ishe ni, har da canji. Kana tsammani ban sani ba? Ni da nake jin ciwon inji daga nesa, nawa ne zai ɓoye mini?" Ya jingina da motar yana mai da numfashi. "Amma in na sauka, kai fa? Ka rasa keke, ka rasa mota. Yara suna makaranta, ga Innarku da gwiwa. Fasinja ba ya zaɓa wa direba mota, balle wanda ya kusa sauka. Biya mutumin nan mu tafi, ƙafata ta gaji."

Tela ya biya. Dillalin ma bai ja ciniki da yawa ba, har ɗan abin canza taya ya ragu.

Kafinta ya ƙera masa ɗan ƙaramin benci na takawa. Tela kuma ya zauna a keke ya ɗinka matashi mai kauri da ragowar yadin kwastomomi, ya cusa masa soso biyu, ya ɗaure a kujerar gaba. Duk da haka hawan bai zo da sauƙi ba. Sai Baba ya taka bencin, ya kama hannun ƙofa, Tela ya tallafo shi ta baya, su huta, sannan a shigar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A hanya kuwa duk ramin da suka faɗa Tela yana jin sa a nasa bayan. Ya ji haushin motar, ya ji haushin kansa da ya biye wa tsohon. Wata rana har ya faɗa.

"Da farar ce da yanzu kana kwance kana shan iska."

"Da farar ce da yanzu kana tura ta ina riƙe da sitiyari," in ji Baba. "Yi shiru ka ji. Ka ji yadda take numfashi? Ranar da ka ji wannan sautin ya canza, kada ka jira. Kuma ka daina ɗora ƙafa a kan kuloci, shekara goma ina faɗa maka."

Sau tara ta kai shi asibiti, ba su makara ko sau ɗaya ba.

Ranar wata Laraba da hantsi Tela yana kan keke yana haɗa hannun riga, ya ji Inna ta kira shi daga cikin gida. Ba ta ɗaga murya ba, sau ɗaya ta kira, amma ya san ba irin kiran da ta saba ba ne. Ya bar allura a cikin yadin ya shiga. Baba yana kan tabarmarsa, kansa ya ɗan karkata, rediyo tana magana a gefensa. Inna ta ce ruwa ya nema, kafin ta kawo ya tafi. Kofin yana hannunta har lokacin. Tela ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a goshin tsohon, ya ji da sauran ɗumi. Sai a sannan kuka ya zo masa, ya yi shi kuwa ba tare da ya ɓoye ba.

A doguwar motar aka ɗauko 'yarsa daga tasha, a cikinta aka yi ta jigilar tabarmi da kujeru da baƙi. Mutanen layin da suka yi ta yi mata dariya ranar da ta zo, su ne suka riƙa cewa Allah ya jiƙan Baba, ya san mota.

Da Litinin ta zagayo Tela ya farka da wuri kamar kullum. Ya fita, ya dafa murfin injin da bayan hannu, ya ji shi da sanyi. Ya murɗa makulli ta tashi. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗauko ɗan bencin ya ajiye a ƙasa, ya gyara masa zama da ƙafa. Sai da ya juya zai shiga ya tallafo Baba ya tuna.

Inna tana tsaye a ƙofar gida, ta ga duk abin da ya yi. Ta koma ciki ta fito da dogon sukundireban, ƙotarsa ta yi santsi saboda riƙo.

"Ya ce in ba ka. Wai kunnenka ya fara buɗewa, saura ƙafar."

Tela ya karɓa da hannu biyu. Suka tsaya a nan, injin yana bugawa a hankali, ƙofar gaba a buɗe, bencin yana ƙasa, matashin kuma bai gama tasowa daga inda ya lotsa ba.