Injin Baba Ba Ya Kuka

Sau biyu cikin wata guda injin jirgin Baba yana ɗaukar zafi a tsakiyar ruwa, kuma duk biyun wai ƙararrawar da ke gargaɗin zafin inji ba ta ce uffan ba. Shi kaɗai yake fita duba raga da sassafe, sai dai a janyo shi da igiya, inji na tiriri. Bakanike ya ce in aka yi na uku, to ba mai iya tashinsa. Injin nan kuwa shi ne cinmu, shi ne shanmu. Kifin da nake sayarwa a bakin ruwa ma shi yake kawo shi.

Ni fa tun farko ban yarda da bakaniken nan ba. Mutum ne da ba ya haɗa ido da kai, sai ya yi ta goge sifana da tsumma. Kuma da kunnena na taɓa ji ya ce wa Baba in zai rabu da injin a fara tunawa da shi. Biri ya yi kama da mutum! Wa ke buɗe murfin injin nan in ba shi ba? Tsinke waya ɗaya ai ba aiki ba ne.

Na ce, "Baba, an cire maka ƙararrawa."

Yana ɗinkin raga, bai ko ɗago ba. Sai da na dafa kafaɗarsa na maimaita.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ni dai ban ji ta yi kuka ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na figi mayafi, na tasa shi gaba sai rumfar bakanike. Injuna rataye a jikin katako, farfela a kan ƙusa, warin fetur ko'ina. Namu yana tsome cikin durom ɗin ruwan da ake gwaji.

Bakanike ya miƙo min wata 'yar roba mai fikafikai, duk ta ƙone. "Yaya, leda ce ta toshe inda yake shan ruwa. Ruwa bai hau ba, fitsarin inji, wato ruwan da yake tsartowa ta baya, ya ɗauke, robar da ke tura ruwan ta cinye kanta."

"Ba leda ta kawo ni ba. Ina ƙararrawar?"

"Tana nan."

"Tana nan, inji na dahuwa, ta yi gum da bakinta? Wa za ka raina wa hankali?"

Ya saci kallon Baba, ya sassauta murya. "Yaya, zo gefe mu yi magana."

Oho, gefe! Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya har masuntan da ke zaune a inuwa suka taso. Na ce ba inda zan je, a gaban jama'a zai gwada ta, kowa ya shaida.

"Don Allah ki bari."

"Gwada!"

Ya ajiye tsumman. Ya murɗa makulli, ya zare wayar da ke jin zafin inji, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfe. Nan take wani siririn kuka ya tashi kamar usur, har cikin haƙori na ji shi. Na toshe kunnuwana.

Baba na tsaye dab da injin, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba, ya harɗe hannu a ƙirji. Ya juyo ya kalli masuntan, abokansa na shekara arba'in.

"To, kun gani ko? Shiru kake ji. Haka ya yi min a ruwa."

Masuntan suka kalli juna. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya hau gyara hula. Na yi maza na sauke hannuwana daga kunne, amma Baba ya riga ya gan su. Sai a lokacin na tuna wayar salularsa da kan yi ta ƙara a aljihu ina cewa ƙin ɗauka yake yi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bakanike ya janye wayar, kukan ya ɗauke. Ya ce a hankali, "Jar fitila zan sa masa a gabansa, in zafi ya hau ya gani. Abin da nake so in gaya miki ke nan."

Baba bai kalle shi ba, ni yake kallo.

"Uwata, ta yi kuka ne?"

"Ta yi, Baba."

"Da ƙarfi?"

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana duban injin, sannan ya juya. Masuntan suka dare masa hanya, ya fita ya nufi bakin ruwa.

Na bi bayansa ina kira. "Baba! Baba!" Har sau uku, da iyakar muryata. Bai waiwayo ba, kuma wannan karon ban sani ba ko ji ne bai yi ba, ko kuwa ya ji.