Sunan Ɗan Fari

Ni ce majo, shugabar ƙaramin asibitin unguwarmu a Djougou, tun kafin wanda ya kawo mana masifar nan ya iya ɗaure wando. Ɗan farina ne. Ban taɓa faɗin sunansa ba, haka muka tashi muka gani. Yanzu wai shi ne sef, babban ofishinmu na Parakou.

Ya zo da tabilet da lasifika. Wai in daina leƙawa in ce, "Ke mai jan kallabi, shigo." Na'ura ce za ta kira sunan yaro, uwa ta amsa.

"Madam Kadidjatou," in ji shi a gaban ma'aikata. Madam! Ni! "Duk majon da ya ƙi aiki da ita zai sauka."

"Kai, matan nan ba za su amsa ba."

"Za su saba."

Ranar rigakafi lasifika ta kwaɗa kira: "Mamuda Sabiou!" Fatchima na zaune da jaririn, haihuwarta ta fari, surukarta na gefe. Sunan mahaifin mijinta aka sa wa yaron. Ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Na'ura ta sake kira, ta rubuta bai zo ba, ta wuce. Fatchima ta goya ɗanta ta fice ba allura. Masu 'ya'yan fari suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na fizge wayar lasifikar, na hau zem, babur ɗin haya, har ƙofar gidan su Fatchima, na yi wa yaron allurarsa a zaure.

Tsinanniyar na'urar ashe har tsegumi take yi. Kafin in dawo, ofishin Parakou ya ji an kashe ta.

Ɗan nawa ya iso da motar ofis, ko gaisuwa babu. Na yi masa bayani, yana latsa waya.

"Kunya ba ta cikin tsarin," ya ce. "Ki ba Mounira makullai. Ita ce majo daga yau."

Mataimakiyata Mounira ta kasa ɗago ido. Na ajiye makullan a tebur. A bakin ƙofa ya biyo ni, ya rage murya.

"Inna, ki gane..."

Na juyo. Baranda cike da mata.

"Ismail," na ce, da ƙarfi, yadda lasifikarsa ke yi. "Ismail Mourtala. Matsa in wuce."

Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Bai amsa ba.