Kujerar Baƙo

Hajiya Safara'u ba ta iya ganin abu ta wuce. Ko murfin tukunya ta ga ya karkace sai ta ji dalili. Shekararta tara tana kula da ma'aikata a wani gidan burodi da ke Maje. Ita ke rubuta wa kowa aikinsa a allon da ke jikin bango, ita ke sanin wanda ya makara da wanda matarsa ta haihu. To, mace irin wannan ce manaja Fidelis ya ajiye wa takardar kora a kan tebur ranar Laraba, ya ce ta miƙa wa direbansu Suhaibu ranar Juma'a.

"Ikon Allah! Me ya yi?"

"Kabu-kabu yake yi da motar kamfani," in ji Fidelis. "Sau uku ana ganinsa da fasinja a gaba. Ga masu shayi a Lambata suna ta ƙorafi, wai burodi ba ya isa sai sun kusa tashi. Kin san doka, Hajiya."

Ta san doka mana, ai da hannunta ta manna ta a gilashin motar. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Da ta bi diddigi wajen waɗanda suka gan shi, kowa ya ce mutum ɗaya tak yake ɗauka a motar. Yau tsohuwa da ƙullin dawa, gobe manomi da fartanya. Wane irin ɗan kabu-kabu ne zai bar matasa masu wayoyi a hannu, ya zaɓi tsohon da ko aljihu babu a rigarsa?

Da yamma ta tare shi yana wanke mota.

"Suhaibu, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Hajiya."

Amsar ke nan kullum, wata huɗu cur, tun ranar da wata tirela ta kuɓuce a gangaren da ke kafin wata gada a hanyar Lambata ta bugi motarsu. Suhaibu ya fito da ƙujewa kawai. Baƙo, mai raba burodi, wanda ya shekara shida yana zama kusa da shi, ko asibiti bai kai ba. An je gaisuwa, an yi addu'ar uku, kowa ya ce da Suhaibu ya yi haƙuri, ya kuma ce ya yi. Kamfani ya sayo sabuwar mota. Safara'u ce ta goge sunan Baƙo daga allo tana hawaye, ta ce kada a sa kowa a wannan kujera, don kada a fama wa bawan Allah ciwo. Kowa ya yaba da hankalinta.

Ranar Alhamis da safe, ana gama lodi, sai ga Hajiya ta tattare mayafi ta haye gaban mota.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Inda za ka. Ja mu je, ba a tambayar babba."

Suka bar Maje, suka wuce sababbin gidajen da suka cinye gonakin mutane. Ƙamshin burodi mai zafi ya cika motar. Ita dai ta zuba ido kamar mai gadin shanya. Tuƙinsa tsaf, babu gudu, babu waya a kunne. Can sai ya rage tafiya daidai wata bishiyar mangwaro. Wata tsohuwa mai tallar gyaɗa ta miƙe tana gyara zane, da ta hango Safara'u sai ta koma ta zauna tana dariya.

"Ɗana, yau ka samu abokiyar hira! Allah ya kiyaye hanya!"

"Wace ce?" Safara'u ta tambaya.

"Baba Asabe," ya ce.

Abokiyar hira kuma? Tana cikin juya maganar sai ta lura numfashinsa ya canza. Gumi ya keto masa duk da sanyin safiya. Ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ta duba gaba, ga gangaren nan, ga gadar a ƙasa.

"Hajiya," ya ce da wata irin murya, "don Allah yi magana."

"In ce me?"

"Ko mene ne. Yi magana kawai!"

Kai, abin kunya! Matar da ba a taɓa raba ta da zance ba, yau kanta ya zama fanko. Sai kawai ta ji bakinta ya kama labarin akuyar maƙwabciyarta a Chaza.

"Wannan akuya, Suhaibu, ba ta da mutunci ko kaɗan. Zogalena da na shekara ina yi wa ban ruwa, ta tsallako katanga ta cinye shi tas. Na bi ta da muciya, ta tsaya tana kallona tana tauna, kai ka ce ni ce na shigo gidansu. Uwar ɗakinta kuma wai in yi haƙuri, juna biyu ne da ita!"

Ba ta tsaya ba sai da ta ji tayoyi sun bar gadar. Suhaibu ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa goshinsa a sitiyari. Ta bar shi. Da ya ɗago, bai kalle ta ba.

"Baƙo surutu gare shi, kin sani," ya ce. "Ranar nan labarin auren ƙanwarsa yake ba ni, bai ƙarasa ba. Yanzu in na doso wurin nan na ji shiru a gefena, sai ƙirjina ya toshe, ƙafata ta ƙi taka komai. Shi ne nake tsayawa a mangwaron can, in jira wanda zai hau. Wata rana minti biyar, wata rana kusan awa. Wallahi ban taɓa karɓar ko sisi ba. Ni ne ma nake yi musu godiya."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce me, Hajiya? Ƙato da ni, uban 'ya'ya huɗu, in ce ina tsoron gada? Kowa ya ce in yi haƙuri, na ce na yi. Kuma na ji ke kika ce a bar kujerar saboda ni."

Ashe ita da ke bin sawun mai laifi tun jiya, da hannunta ta ɗaure shi da wannan shirun. Tausayi da kunya suka kama ta.

Ƙarfe bakwai da rabi suka isa Lambata, masu shayi har suna mamakin isowarsu da wuri.

Da suka dawo, ta mayar wa Fidelis takardarsa a kan tebur, ta kwashe komai ta faɗa masa da iznin Suhaibu. Ta ce akwai masu duba irin wannan damuwa a asibiti, kuma ranar da zai je ganinsu kada a lissafa ta a fashin aiki. Fidelis ya shafa haɓa.

"Amma doka ta hana fasinja, Hajiya."

"Ma'aikaci fasinja ne?"

Ta ɗauki alli ta nufi allo. A gurbin da ya yi wata huɗu babu komai, ta rubuta sunanta a ranar Juma'a. Ta rubuta na Fidelis a Asabar.

"Ni? Me zan ce masa a hanya?"

"Kai da ba ka gajiya da zancen ƙwallo? Ranar amfaninsa ta zo."

Washegari ta iske Suhaibu tsaye gaban allon yana kallo. Ta gyara mayafi ta yi tambayar da ta saba.

"Suhaibu, lafiya dai ko?"

Ya buɗe baki zai ba da amsar kullum, sai ya fasa.

"Gaskiya ban yi barci ba, Hajiya. Na daɗe ba na yi."

"Madalla da ka faɗa," ta ce, ta buɗe ƙofar mota. "Hau mu je, ka ba ni labari tun daga farko."