Mariƙin Hauyar Jatau

Abdulwahabu ya daɗe a wata masana'antar haɗa motoci a ƙasar waje. Aikinsa zana mariƙan da ake ɗaura wa hannuwan injinan nan masu aiki da kansu, don su kama bakin walda ba tare da ya goce ba. Da mahaifinsa ya rasu, idon Inna kuma ya fara dushewa, sai ya tattaro ya dawo Bukkuyum.

Abokan ƙuruciyarsa sun zo sannu da zuwa. Ɗaya ya ce, "To, mota kaka ƙerawa can?"

"A'a, abin da ka riƙe ƙarfen da ka haɗa ta."

Suka dubi juna, suka koma zancen taki. Daga nan ko ya zauna a majalisarsu, hira ratsa shi take yi ta wuce.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Gwashi, Jatau, ya yi sallama a zaurensa. Bel ɗin injin niƙa ne ya cinye masa hannun dama, ga damina ta ƙarato.

"An ce kai ka yi wa inji hannu. Ni hwa?"

Abdulwahabu ya auna dungun da zare, ya zana mariƙin da zai kama ƙotar hauya, ya kai wa mai walda. Na farko ya yi nauyi. Na biyu ya saɓule fata har jini. Kowace kasuwa Jatau na zuwa a gwada, ya kawo nono a ƙwarya, su zauna har la'asar. Shi kaɗai ne ya taɓa tambayar yadda injinan suke sanin inda za su tsaya, ya kuma saurari amsar har ƙarshe.

Daga baya Abdulwahabu ya naɗe cikin mariƙin da jemammiyar fata, ya karkata bakinsa kaɗan. Ƙotar hauya ta zauna daram. Jatau ya sari ƙasa a tsakar gida, ya sake sara, ya yi ta sa albarka, ya tafi.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, bai zo ba. Abdulwahabu yakan shimfiɗa tabarma a zaure, la'asar ta yi ya naɗe. Har ya kama kansa yana fatan wani noti ya kwance.

Da gero ya fara fid da kai, ya aiki wani ɗan kabu-kabu Gwashi ya tambayo Jatau ko mariƙin na matsa shi. Mutumin ya dawo da yamma, bai ko kashe babur ba.

"Yana gona. Ya ce a gaishe ka, babu abin gyara."