Ramin da ke Ƙirjin Dogo

An tsinci gawar Dogo a magudanar ruwan gonarsu bayan ya yi makonni da ɓata. Akwai rami a ƙirjinsa. Kowa ya san ƙanensa, Auta, yana da bindigar korar birai, kuma an sha jin su suna cacar baki kan rabon gonar. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da Auta.

Aka kai gawar wurin Likita, mai binciken gawarwaki. Sufeto ya tsaya daga bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici.

"Likita, wannan ai ko makaho ya shafa ya san harbi ne."

"To a kira makahon ya rubuta rahoton, in huta," ta ce, tana jan safar hannu.

Fatar ta riga ta yi baƙi ta saki, babu yadda ido zai gane ƙunar da albarushi ke bari. Ta yanki naman gefen ramin, ta yanki ƙyallen rigar, sannan ta sa hantsaki tana tsince tsutsotsi tana zubawa a kwalba.

"Su kuma waɗannan fa?" in ji Sufeto.

"Sun riga mu zuwa. In akwai dalma ko burbushin albarushi a naman nan, sun ci, yana cikinsu. Na'ura za ta nuna."

Tun daga ranar, kullum da safe sai Likita ta tarar da mahaifiyar Dogo da Auta a kan bencin barandar asibiti, takalmanta a gefe. Ba ta tare kowa. Ran nan dai ta miƙe.

"'Yata, ɗana ɗaya yana firjinku, ɗaya yana hannun hukuma. Ba roƙo na zo ba. In Auta ne, ki faɗa mini kafin in ji a bakin mutane."

"Inna, duk abin da na gani, ba zan ɓoye miki ba."

Da sakamako ya fito, Likita ta aika wa Sufeto, sannan ta fito ta zauna kusa da tsohuwar. Hoton ƙashi bai nuna harsashi ba, haƙarƙari lafiya lau, baya babu huda. Naman, rigar da tsutsotsin duk babu alamar albarushi. Ƙaramin rauni ne tsutsotsi suka faɗaɗa har ya zama rami.

"Ba a harbe shi ba, Inna."

Tsohuwar ta juyo gare ta.

"To me ya kashe shi?"

"Ban sani ba. Gawar ta daɗe a ruwa, zuciyar ta lalace. Ba zan faɗi abin da ban gani ba."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi.

Washegari aka saki Auta. Bai je gida ba, asibiti ya zo kai tsaye, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ta dafa kansa.

"Tashi ka nemo mota. Yayanka ya gaji da jira."