Allon Da Ya Tsaya A 36.5

Injiniya ake kiransa a layin masu gyara, ko da yake ilimin nasa a bakin teburi ya same shi, tsakanin hayaƙin dalma da tarkacen rediyo. Hannunsa na da kyau, shi ma ya san da haka, har sanin ya ɗan fi yadda ya kamata.

Ranar da hantsi yana haɗa wa wani mai kiwon kaji na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. Aikin ba baƙo ba ne: 'yar ƙwaƙwalwa mai ƙafafu kamar kyankyaso tana auna zafi, ta kunna hita ko ta kashe, sannan ta aika lamba ta wayoyi shida zuwa ɗan allo mai layi biyu. Irinta sak ya haɗa wa ƙaramin asibitin unguwarsu wata uku baya, da kwalbar jarirai ta ƙone aka rasa kayan gyaranta. Yanzu kuwa ɗan da ƙanwarsa Auta ta haifa ne a cikin kwalbar, bakwaini, kwanansa biyar a duniya.

Wuta ta ƙifta ta dawo. Ya ci gaba da aiki, sai can ya lura ƙwan fitilar da ya sa a madadin hita ya ƙi mutuwa. Allo na nuna 37.8. Ya damƙe ma'aunin zafin cikin tafinsa, lamba ba ta motsa ba. Ya kara shi jikin ƙarfen dalma mai zafi, ko gezau. Ya fizge wayoyin shida gaba ɗaya, allon ya ci gaba da kallonsa da 37.8 ɗinsa.

Nan take ya gane. Ya san irin wannan allon yana riƙe abin da aka rubuta masa na ƙarshe, ko da ƙwaƙwalwar ta sume. Ya sani sarai, amma bai taɓa sa ko ɗan ɗigo mai ƙiftawa da zai nuna tana raye ba, don a ganinsa abin da ya haɗa ba ya sumewa. Asibitin kuwa layin wutarsu ɗaya da shagonsa.

Ya zaro waya ya kira Auta.

"Yaya, ina kwana?" Muryarta a gajiye, ɗinkin tiyata bai warke ba.

"Auta, dubi allon kwalba. Nawa ya nuna?"

"Talatin da shida da rabi. Ai Sista ma ɗazu take yabonka, ta ce yau ko motsi bai yi ba."

Yabon ya sauka masa kamar ruwan sanyi a ƙeya. Zafin gaskiya ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana hawa yana sauka.

"'Yar fitilar nan ja ta hita da ke gefe fa?"

"A kunne take."

"Tun yaushe?"

"Oho. Tun da wuta ta ƙifta, ina jin. Lafiya dai?"

"Ina Sista?"

"Tana ɗakin haihuwa. Yaya, kana ba ni tsoro."

"Tashi ki taɓa gilashin."

Ya ji ƙarar gado, ya ji nishinta, da jan silifa a hankali. Shi kuwa ya riga ya fito titi, shago a buɗe, ƙarfen dalma a jone.

"Da ɗumi," ta ce. Sai muryarta ta canza. "A'a, Yaya, da zafi!"

"Buɗe ki ciro shi."

"An hana mu buɗewa. Kuma allon ya ce..."

"Ƙarya allon yake yi! Ciro shi, ki ƙwala wa Sista kira!"

Ya ji wayarta ta faɗi ƙasa. Ya ji ihun Auta daga nesa, bai ji kukan jariri ba, kuma rashin kukan ne ya fi razana shi. Ya yi ta gudu da waya a kunne, yana ratsa masu babura ana zaginsa, bakinsa ba abin da yake iya faɗa sai Innalillahi.

Ya tarar da Sista ta shimfiɗa yaron a kan gado tana goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Jikinsa ja wur, ƙirjinsa na bugawa da sauri kamar na ɗan tsako. Ba wanda ya dubi Injiniya. Ya zare filogin kwalbar, ya tsaya jikin bango yana ƙirga numfashin yaron. Sai da aka daɗe kafin ɗan bakin ya buɗe, wani siririn kuka ya fito.

"Alhamdulillahi," Sista ta ce. "Da an ƙara minti goma, da wani zancen ake yi."

Auta na zaune a ƙasa, ta dafe cikinta, jini ya ɗan ɓullo ta rigarta. Ta ɗago ta dube shi, ba faɗa a fuskarta, da ma faɗan ta yi masa da ya fi sauƙi.

"Ya yi ta kuka ɗazu, Yaya," ta ce. "Har na yunƙura zan tashi. Sai na dubi allon, na ce ai Yaya ne ya haɗa, na koma na kwanta."